Hasken rana kyauta ne, bashin ne da tsada: sharhi kan tallafin gwamnati ga wutar sola a Najeriya

A watan Yulin 2016, NBET, kamfanin gwamnatin tarayya mai sayen wutar lantarki a sari, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 da za su gina manyan tashoshin wutar sola. Abin da aka yi alkawari gaba ɗaya ya haura megawat 1,000, wato da tsakar rana zai kai wajen rubu'in wutar da babban layin ƙasa ke iya rabawa. Yawancin filayen a Arewa suke: Kankiya a jihar Katsina, Ganjuwa a Bauchi, Dutse a Jigawa, da wasu a Sakkwato, Kaduna, Filato da Nasarawa. An tsayar da farashi, senti 11.5 na dalar Amurka a kan kowane yunit, na tsawon shekara 20. Har yanzu babu ko ɗaya daga cikin tashoshin nan da ta kunna wa wani ƙwan fitila.

Duk mai son fahimtar abin da ake nufi da "tallafin gwamnati" a harkar makamashi mai sabuntuwa, daga wannan labarin ya kamata ya fara. Rana ba ta gaza ba. Farantan sola ma ba su yi tsada ba, hasali ma farashinsu a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Takarda guda ce ta tsayar da aikin: takardar da Ma'aikatar Kuɗi za ta sa wa hannu cewa idan mai sayen wutar ya kasa biya, gwamnati za ta karɓi tashar ta biya masu jari kuɗinsu. Bankunan da za su ba da bashin suka ce in babu ita, ba za su saki ko sisi ba. Gwamnati kuma ta noƙe.

Dalilin da ya sa takarda ke da wannan ƙarfi yana cikin yadda kuɗin sola yake. Mai janareto kamar ɗan haya ne: kuɗin shiga kaɗan, amma kullum sai ya biya, yau mai, gobe bakanike. Mai sola kuwa kamar wanda ya gina gidansa ne, dukan nauyin a farko yake, bayan nan sai ɗan gyara. Tashar iskar gas tana sayen abin ƙonawa a hankali tsawon rayuwarta, tashar sola kuwa a ranar farko ake biyan kusan dukan kuɗin wutar da za ta bayar cikin shekara 20 ko 25. Tunda da bashi ake gina ta, farashin wutarta yana bin tsadar bashin ne sau da ƙafa.

Ga lissafi mai sauƙi. Wanda ya ci bashin naira miliyan 100 zai biya cikin shekara 10 da kuɗin ruwa kashi 8, zai riƙa biyan wajen miliyan 15 duk shekara. Idan kuɗin ruwan kashi 30 ne, abin zai haura miliyan 32. Faranti iri ɗaya, rana ɗaya, amma wutar na biyun ta ninka ta na farkon tsada. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai, sannan da wuya su yarda da bashin da ya wuce 'yan shekaru kaɗan. In ka gudu zuwa bashin dala mai sauƙin ruwa, sai ka faɗa wani ramin: wuta da naira za ka sayar, bashi da dala za ka biya. A 2016 dala ta tashi daga wajen naira 197 zuwa sama da 300 a farashin hukuma. A farkon 2023 tana wajen 460, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci bashin dala kafin nan, nauyinsa ya ninka uku ba tare da ya ƙara ko faranti ɗaya ba.

Sai tambayar da kowane banki ke yi: wa zai sayi wutar, kuma yana biya? Tun da aka sayar da kamfanonin wuta a Nuwamban 2013, kuɗi na bin wata doguwar hanya. Mai gida ya biya kamfanin raba wuta, irin su KEDCO a Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin ya biya NBET. NBET ya biya mai tasha. Mai tasha ya biya mai iskar gas da banki. A kowane zango kuɗin raguwa suke. Kusan rabin masu amfani da wuta ba su da mita, bil na ƙiyasi ake kawo musu, su kuma su biya abin da suka ga ya dace ko su ƙi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutar da ake tura wa kamfanonin rabawa ba ya dawowa a matsayin kuɗi, wani ya ɓace a tsofaffin wayoyi, wani an sace, wani an sha an ƙi biya. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce bashin da suke bi ya kai wajen naira tiriliyan 4. Bankin da ya ga wannan ya nemi gwamnati ta tsaya wa NBET bai yi rashin hankali ba.

Ita ma gwamnati tana da hujjarta, kuma ya kamata a faɗe ta. Ta taɓa ba da irin wannan lamuni ga tashar iskar gas ta Azura da ke jihar Edo, mai megawat 461, bisa sharaɗin ko an sha wutar ko ba a sha ba sai an biya. Tashar ta fara aiki a 2018, kuma biyan kusan dala miliyan 30 duk wata ya zama wajibi ko da layin ƙasa ya kasa ɗaukar wutar. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ƙari a kan haka, a daidai 2016 ɗin ne Zambiya ta yi gasar farashi ta samu wutar sola a kan senti 6.02. Jami'ai a Abuja suka ga farashinsu ya kusa ninka wannan, suka nemi a sauko zuwa senti 7.5. Aka shiga ja-in-ja, ministoci suka sauya, maganar ta bi ruwa.

A ganina kuskuren tun daga tushe ne. An zauna da kamfanoni an daidaita farashi a kan tebur, maimakon a sa su gasa a fili. Farashin da aka samu ta ciniki a ɗaki, duk wanda ya gaji kujerar zai iya zarginsa, kuma babu jami'in da ke son sa hannu a abin da gobe za a kira shi gaban kwamiti a kansa. Afirka ta Kudu ta bi wata hanya tun 2011. Ta kafa ofishi na musamman, ta fitar da takardun yarjejeniya iri ɗaya ga kowa, Baitulmalinta ya tsaya wa Eskom, kamfanin wutar lantarkin ƙasar, sannan ta ce kowa ya kawo farashinsa a rufe, mai araha ya ɗauka. Daga zagaye na farko zuwa na huɗu farashin sola ya sauko da fiye da kashi biyu cikin uku, aka kuma samu dubban megawat da kuɗin 'yan kasuwa. Senegal, wadda tattalin arzikinta bai kama ƙafar na Najeriya ba, ta bi irin tsarin Zambiya tare da rukunin Bankin Duniya: gwamnati ta tanadi fili da izini da lamuni tun kafin gasa, aka samu farashi ƙasa da senti 4 na yuro, tashoshin Kahone da Kael masu megawat 60 suka fara aiki a 2021. Masar ta kammala tashoshin sola na Benban kusa da Aswan a 2019, sama da megawat 1,400 a fili guda. A duk waɗannan, babban abin da gwamnati ta bayar shi ne tabbaci. Ko a Afirka ta Kudun ma, da Eskom ya ƙi sa hannu a sabbin yarjejeniyoyi daga 2016, harkar ta tsaya cik sai a Afrilun 2018, kuma wasu masana'antun da aka buɗe saboda shirin suka rufe.

Babbar tashar sola da aka iya haɗawa da layin ƙasa a wannan tsakanin ita ce ta megawat 10 da ke Challawa a ƙaramar hukumar Kumbotso ta Kano, wadda aka buɗe a Janairun 2023. Ta samu tashi ne saboda NSIA, hukumar zuba jarin gwamnati, ta gina ta da kuɗin gwamnati, babu bankin da za a lallasa. Abin a yaba ne, amma a wannan hanyar ba za a je ko'ina ba, domin aljihun gwamnati ba zai iya gina dubban megawat ba, kuma tarihinta a matsayin mai gini da kanta yana da tabo. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina shaida ce. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro tunaninta, megawat 10 ce kacal, injina 37. Gwamnatin tarayya ta karɓi aikin ta ba wani kamfanin Faransa. A Disamban 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a Rimi, aiki ya tsaya, sai jinkirin biya, sai ɓarayin wayoyi. Aikin da ake gama irinsa cikin shekara biyu ya ci fiye da shekara goma.

Akwai kuma nau'in tallafin da 'yan siyasa suka fi ƙauna, wanda ni kuma yake ɓata min rai duk lokacin da na bi hanya da daddare: fitilun kan titi masu sola da rijiyoyin burtsatse na ayyukan mazaɓu. Ana son su ne saboda ana ganinsu, ana liƙa musu hoto, kuma kwangilarsu ba ta da wuyar rabawa. Ɗan kwangila ya kafa, a biya shi, ya tafi. Babu wanda aka ɗora wa alhakin share ƙurar hunturu daga farantin, alhali ƙurar nan tana rage wutar sosai. Babu kasafin sauya batir, kuma zafin Maris da Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana gajarta ran batir fiye da abin da aka rubuta a kwali. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai turaku a tsaye babu haske. Asarar kuɗin ma da sauƙi a kan ɗaya ɓarnar: mutanen garin sun koyi cewa "sola ba ta ƙarko", kuma wanda zai zo daga baya da aiki na gaskiya sai ya fara da goge wannan tabon.

Inda gwamnatin tarayya ta yi abin da ya dace shi ne a ƙananan tashoshin ƙauyuka. A 2016 NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki, ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshi masu zaman kansu da ba su wuce megawat ɗaya ba, aka sabunta ta a 2023. Ƙa'idar ta amsa tambayoyi biyu da ke hana ɗan kasuwa barci. Ta ba shi damar tsayar da farashin da zai mayar masa da kuɗinsa bisa yarjejeniya da mutanen garin, ta kuma ce idan wata rana kamfanin raba wuta ya iso garin da layinsa, sai ya biya shi diyya. Sannan Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ta samu rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya da miliyan 200 daga Bankin Raya Afirka, ta sauya yadda ake ba da tallafi. Kamfani ne zai nemo kuɗinsa ya gina tashar, ya ja waya, ya sa mita. Sai an je an tabbatar gida ko shago yana samun wuta sannan a biya shi wani kaso a kan kowane gida. Tashar tasa ce, don haka in batir ya mutu shi ke asara, kuma ba sai an roƙe shi ya share faranti ba. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da sabon shiri mai suna DARES na dala miliyan 750, da burin kai wa mutum miliyan 17.5.

Wannan tsarin ma yana da ciwonsa. Ƙauyen da ba shi da abin amfani da wuta sai ƙwan fitila da cajin waya da fanka ba zai iya riƙe tasha ba. Da rana, lokacin da wutar ta fi yawa kuma ta fi araha, mutane suna gona. Da daddare, lokacin da kowa ke buƙata, daga batir take fitowa, shi ne kuma mafi tsada a kayan. Abin da ke ceton tasha shi ne masu aikin rana: mai injin niƙa, mai casar shinkafa, mai walda, mai ƙanƙara, mai famfon ban ruwa. Su kuma galibinsu injinan dizal ko fetur gare su, sayen mai aiki da lantarki kuma kuɗi ne dunƙule da ba su da shi. Saboda haka tallafin da ya tsaya a kan tasha bai kammala ba, sai an haɗa da bashin sayen injina. Manomin rani a Kadawa ko kwarin Haɗeja ko Bakolori da ya ga kuɗin fetur na cinye ribar tumatirinsa ba ya buƙatar a yi masa wa'azin sauyin yanayi. Da yawa sun riga sun mayar da injinansu na ban ruwa zuwa tukunyar gas don neman sauƙi. Abin da ya rage musu shi ne wanda zai ba su famfon sola su biya bayan girbi biyu ko uku.

A nan akwai ƙofar da ban ga an buɗe ta yadda ya kamata ba. Mutanenmu da yawa suna ƙin bashin banki saboda riba, kuma kayan sola sun dace ƙwarai da murabaha da ijara, tunda kaya ne na zahiri da banki zai saya ya sayar ko ya ba da haya. Gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk, takardun zuba jari na Musulunci, a 2017, na naira biliyan 100, ta zuba a hanyoyi, kuma a Disamban shekarar ta fitar da takardun bashi na ayyukan kare muhalli na naira biliyan 10.69, na farko da wata gwamnati ta fitar a Afirka. Kuɗin fansho na ma'aikata kuma ya haura naira tiriliyan 20, kuɗi ne na naira, masu dogon zango, irin waɗanda sola ke nema, amma mafi yawansu gwamnati ce ke rance. An kafa InfraCredit a 2017 don ya riƙa tsaya wa irin waɗannan ayyuka har masu kula da fansho su yarda su zuba. Naira ɗaya da gwamnati ta sa a irin wannan lamuni tana jawo wasu nairori da dama, naira ɗaya da ta sa a fitilar titi kuwa a nan ta ƙare.

Sai maganar adalci, wadda ba a cika yi ba. Mutumin ƙauye da ke kan ƙaramar tasha yana biyan yunit da tsada fiye da yawancin mutanen birni, domin shi yana biyan kusan ainihin kuɗin wutarsa, su kuma gwamnati na cike musu gibi. A 2024 kaɗai, tallafin farashin wutar layin ƙasa ya kusa naira tiriliyan 2. Dala miliyan 750 ɗin DARES, a canjin 2024, ba ta fi tiriliyan ɗaya da 'yan kai ba, kuma rance ce, kuma ta shekaru da dama ce. Fiye da 'yan Najeriya miliyan 80 ba su da wuta kwata-kwata, mafi yawansu a karkarar Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas. Ba sa cin ko kwabo daga tallafin farashi, tunda sai kana da waya a gidanka za ka amfana. In ana maganar inda za a samo kuɗin tallafa wa sola, ga inda suke.

Abin da ya fi komai tura mutane ga sola a 'yan shekarun nan ba a yi shi da sunan sola ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a Oktoban 2024 ta haura 1,000. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin wutar rukunin da ake kira Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225. Shekara da shekaru gwamnati na rubuta manufofin makamashi mai tsafta da hannu ɗaya, tana tallafa wa janareto da ɗaya hannun. Da ta saki, lissafi ya juya da kansa. Rufin asibitoci masu zaman kansu, makarantu, masallatai, gidajen mai da shaguna ya cika da faranti. Raɗaɗin cire tallafin gaskiya ne kuma talaka ne ya fi shan sa, amma ta wannan fuskar sakamakonsa a bayyane yake.

Sai dai akwai haɗari a ciki, kuma Pakistan ta riga mu gani. A 2024 an shigar da farantan sola na wajen megawat 17,000 ƙasar, yawancinsu mutane ne da masana'antu suka saya da kansu don gudun tsadar wuta. Da masu iya biya suka rage sha daga layin ƙasa, sai nauyin biyan tashoshi da wayoyi ya koma kan waɗanda suka rage, farashi ya ƙara hawa, wasu suka ƙara ficewa. Najeriya na iya shiga wannan da'irar. Idan masana'antun Sharaɗa da Bompai da masu hali na unguwannin GRA suka yanke hulɗa da kamfanin rabawa, zai rasa abokan cinikin da suke biya a kan kari, mai ɗaki ɗaya a Kurna ko Rigasa kuma zai ƙara zama cikin duhu. Maganin da nake gani shi ne a shigo da su cikin tsarin: mai rarar wuta da rana ya sayar wa layi a kan farashin da aka sani, a kuma yawaita ƙananan tashoshin da ke haɗe da layin kamfani, suna ba unguwa ko kasuwa wuta lokacin da babban layi ya ɗauke.

A Maris na 2025 ministan kimiyya da fasaha na lokacin ya ce gwamnati na shirin hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa na gida. Niyyar tana da kyau, lokacin ne bai yi ba. Masana'antun da muke da su, ta hukumar gwamnati NASENI a Karshi kusa da Abuja da wasu masu zaman kansu a Legas, harhaɗawa suke yi, ƙwayoyin da ke cikin farantin daga waje suke zuwa, kuma Chaina ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na wannan sana'a a duniya. Indiya ta ɗora harajin kashi 40 a kan farantan waje a 2022, amma bayan ta gina kasuwa ta dubun-dubatar megawat, tare da biyan masana'antunta tallafi a kan abin da suka ƙera. Hana shigowa kafin a samu wannan zai tsauwala farashi ne kawai ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa, mun kuma ga yadda ta kaya da shinkafa. Ayyukan yi na sola ma ba a masana'antar faranti suka fi yawa ba, suna wajen masu kafawa, masu gyara, masu ƙera ƙarafan ɗorawa da wayoyi. Abin da kwastam da SON, hukumar tabbatar da ingancin kaya, ya kamata su tsare shi ne jabun kaya, faranti da aka rubuta wa wat 300 alhali bai kai ba, da batiran da suka gama rayuwarsu a wata ƙasa. Kuma tun yanzu ya kamata a san inda matattun batiran dalma za su je. Wanda ya tuna yara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, duk da cewa daga haƙar zinare ta fito, ba zai so a riƙa fasa batir ana narkawa a bayan gida ba.

Ga Arewa, maganar ta wuce araha. Manyan tashoshin iskar gas kusan duk a Kudu suke, madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru kuma a gefe guda, wutar tana haurowa ta layuka ƙalilan. A Oktoban 2024 layin Shiroro zuwa Kaduna yana kwance saboda an lalata shi a yankin da 'yan bindiga suka hana shiga gyara, sai layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Maiduguri ta ɗanɗana wanda ya fi wannan tun Janairun 2021, da aka tarwatsa turakun layin Damaturu. Jamhuriyar Nijar ta gani ta wata fuskar: a 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya take zuwa, aka yanke bayan juyin mulkin Yulin 2023, kuma tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen shekarar ta rage wa Yamai raɗaɗi. Da tashoshin 2016 sun tashi, da Katsina da Jigawa da Bauchi suna da wutar da ake samarwa a ƙofar gida. Ba zan ce da sun hana duhun Oktoba ba, domin tashar sola da ke jingine da babban layi tana mutuwa tare da shi sai in an haɗa ta da batir da na'urorin da za su bar yanki ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ma aikin gwamnati ne, tunda layin dakon wuta a hannunta yake. Haka nan haɗa sola da madatsun ruwa, a riƙe ruwan Shiroro da Zungeru da rana a sake shi da daddare, shi ne batir mafi araha da ƙasar ke da shi, amma sai da ɗakin sarrafawa mai ganin abin da ke gudana a layi nan take.

Tun da aka gyara tsarin mulki a Maris na 2023 aka kuma sa hannu a Dokar Lantarki a Yunin shekarar, jihohi na da ikon kafa kasuwar wutarsu da hukumar da za ta kula da ita. Enugu, Ekiti da Ondo na cikin waɗanda suka fara karɓa a 2024. Gwamnonin Arewa yanzu ba su da uzurin jiran Abuja, sai dai tambayar da ta kashe tashoshin 2016 tana jiransu: wa zai saya, kuma zai biya? Jiha tana da amsa a hannunta in ta so, domin ita kanta babbar mai shan wuta ce. Matatun ruwa irin na Tamburawa, manyan asibitoci, jami'o'i da sakatariya suna shan wuta da rana, kuma a yanzu dizal suke ƙonawa. Idan jiha ta tattara wannan buƙata ta sa kamfanoni gasa a fili, za ta samu wuta ba tare da ta sayi faranti ko ɗaya ba. Matsalar ita ce sunan da hukumomin gwamnati suka yi wajen ƙin biyan kuɗin wuta. A Fabrairun 2024 kamfanin raba wuta na Abuja ya yi barazanar yanke wa ma'aikatu da hukumomi 86 saboda bashin da ya haura naira biliyan 47. Sannan yarjejeniyar ta shekara 15 ko 20 ce, wa'adin gwamna kuma huɗu. Hanyar da jihohi suka saba bi in za su sayar da takardun bashi ita ce su ba da umarnin da ba a janyewa, a cire kuɗin daga kasonsu na wata-wata tun a Abuja kafin ya iso asusun jiha. Gwamnan da ya yarda a yi wa kuɗin wutar matatar ruwa da asibitocinsa haka, majalisar jiha ta mayar da shi doka, zai ga bankuna sun sauke kuɗin ruwa, kuma wanda ya gaje shi ba zai iya soke aikin da takarda ɗaya ba.